Ranar Da 'Yata Ta Kira Ni Gwaggo

Na karanta saƙonninku duka, har da na matar nan da ta ce bazawara mai 'ya ba ta da bakin zaɓe. Ban goge shi ba. Abin da Innata take faɗa ke nan kullum, bambancin kawai ita tana faɗa ne tana zuba mini shayi. Yau labarin ranar Asabar ɗin da muka je Karatsu zan ba ku, kuma tun yanzu ku sani akwai inda na yi abin kunya a cikinsa. Na yi tunanin tsallake wurin, sai na ga idan na tsallake na zama ɗaya da mutanen da nake jin haushi.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, sunana Shiori, shekarata ashirin da tara. Ina aiki a teburin karɓar marasa lafiya a wani ƙaramin asibitin haƙori a Fukuoka. Shekara uku ke nan da mutuwar aurena. Na koma gidan Inna da 'yata Kotone, wadda ta cika biyar a watan Janairu, na koma amsa sunan gidanmu Furukawa, ita ma na mayar da ita kansa. Gidan ɗaki biyu ne a hawa na huɗu. Ni da Kotone a ƙasa muke shimfiɗa, tsakanin kabad ɗin kaya da teburin zanenta, kuma duk safiya sai na naɗe katifar kafin a sami wurin taka ƙafa.

Shimpei Kusaba kuwa ta hannun mai dalilin aure muka haɗu, wata Ushijima-san, ƙawar Inna a ajin koyon rubutun buroshi. Shekararsa talatin da shida, bai taɓa aure ba. Gidansu suna da tsohon masaukin baƙi a bakin teku, a gindin dutsen da tsohuwar fadar garin take kai. Ranar farko, kafin kofi ya huce, na nuna masa hoton Kotone. Na ce ga ni ga ta, ba a raba mu. Ya ce ya ji. Sau biyu ya fita da mu, ya ɓare mata lemo ya cire mata zaren jikinsa ɗaya bayan ɗaya saboda ta ce ba ta so. Ya ce mini zai sanar da mahaifiyarsa a hankali. Wata huɗu ina yarda da wannan "a hankali" ɗin.

Da magana ta yi nisa aka ce kowane gida ya rubuta takardar dangi, a ba mai dalili ta kai wa ɗaya gidan. Inna ta ce ita za ta rubuta tamu, wai rubutuna kamar na likitan da nake yi wa aiki. Ta niƙa tawada, ta rufe ƙofa, ta yi yini guda a kai. Ban nemi in gani ba. Wa ke neman ya karanta sunayen 'yan gidansu?

Ranar Asabar ɗin na sa doguwar riga shuɗiya mai duhu wadda ta rufe gwiwa, da ƙaramar sarƙar da Baba ya saya mini kafin ya rasu. Inna ta fito wa Kotone da sabbin takalma baƙaƙe masu sheƙi, masu maɗauri a sama. Na ce ba a sa wa yaro sabon takalmi ranar hawan dutse. Ta ce ba za ta kai jikarta gidan mutane da takalmin zuwa makarantar reno ba. Muka ja, ta yi nasara kamar kullum. Ni dai na cusa filasta da safa ta canji da ƙaramin tawul da gorar shayin sha'ir a jakata, na ɗauki akwatin tsarabar da muka ƙulle a mayafi.

Ƙarfe bakwai Shimpei ya turo saƙo: "Barka da safiya. Yau sama garau, za ku ga tsibirin sosai." Muna cikin jirgin ƙasa wani ya sake shigowa: "Duk abin da kika ji yau, ina roƙonki ki bari sai mun keɓe."

Na rubuta, "Me zan ji?" Wayar ta nuna ya karanta, amma bai amsa ba.

Da teku ya fara bayyana ta taga, Inna ta ja hannun Kotone zuwa ɗaya ƙarshen taragon wai ta fi gani da kyau. Ina hango su, Inna ta sunkuya tana yi mata raɗa, ita kuma tana gyaɗa kai da ƙarfi. Ta dawo tana toshe baki da hannu biyu, ta ce ita da Kaka suna da wani wasa kuma ba a faɗa. Na yi dariya, har na gyara mata ribom.

A gindin dutsen suka tarye mu. Makon hutu ne, ko'ina mutane, motocin 'yan yawon buɗe ido sun cika fili, ana ta ƙamshin gasasshen kifi. Amma ko a cikin wannan taron ba sai an nuna maka mahaifiyar Shimpei ba. Kowa a garin Uwargida yake ce mata, har ɗanta idan a gaban mutane ne. Siririya ce, gashinta fari tas an ɗaure shi tamau, ta sa kimono mai ruwan toka da ɗamara ruwan ƙasa, ba alamar tattara ko ɗaya a jikinta. Muka sunkuya, ta sunkuya, sai dai nata bai kai rabin namu ba. Ta karɓi tsarabar ta miƙa wa Shimpei ba tare da ta dube ta ba. Ta dubi takalmina, ta dubi farcena, sannan idonta ya sauka kan Kotone.

"Wannan ce 'yar wajen Naoto-san?"

Naoto wana ne. Na buɗe baki in gyara mata, sai Inna ta riga ni. Ta ce ita ce, iyayenta ne suke da uzuri shi ya sa muka taho da ita, a yi mana afuwa. Kotone ta haɗa ƙafafunta, ta sunkuya yadda aka koya musu a makaranta.

"Sunana Kotone Furukawa. Na rako Gwaggo Shiori ne."

Ta ɗago ta dube ni tana murmushi, irin murmushin da take yi idan ta rubuta harafi daidai.

Na ji yatsun Inna sun kama naman bayan hannuna sun murɗa. Na dubi Shimpei. Ya duƙar da kai yana gyara ƙullin mayafin tsarabar da ba abin da ya same shi. To ga abin kunyar da na ce muku, ban ce komai ba. Na tsaya, ni uwar da ta yi awa sha tara tana naƙuda, na yi murmushi.

Akwai lif da ke kai mutane har sama, tsofaffi da masu keken jarirai sun yi layi a bakinsa. Shimpei ya ce ko za mu bi ta nan saboda yarinya. Uwargida ta ce matan gidanta sau arba'in suke hawa bene a yini da tiren abinci a hannu, wadda matakalar nan za ta gagara gara a sani tun yau. Matakalar dutse ce, ta fi ɗari biyu. Ta wuce gaba, ta ce in taho kusa da ita.

Tun daga taki na farko ta fara tambayoyi, muryarta a kwance kamar mai tambayar hanya. Ko na taɓa fere ɗanyen kifi. Ko na iya sa kimono ni kaɗai ba tare da an taya ni ba. Ko gaskiya ne matan birni yanzu dafaffiyar shinkafa suke saya a kanti. Da na ce ina tashi ƙarfe biyar da rabi, ta ce lokacin su sun gama share farfajiya. Da na ce na saba da tarbar jama'a a wurin aikina, ta ce mai ciwon haƙori ko an ɓata masa rai dole ya dawo, baƙo kuwa ba ya dawowa.

"Shekara nawa kika yi a gidan farko?"

"Huɗu."

"Kuma ba a sami rabo ba."

Daga bayanmu Inna ta amsa tana haki, ta ce ba a samu ba. Kotone tana riƙe da hannunta a lokacin, tana ƙirga matakala da ƙarfi, ta kai saba'in da wani abu.

"An yi sa'a," in ji Uwargida. "Abu ya fi tsabta haka."

A wani ɗan fili da ke tsakiyar hawan na ce Inna tana bukatar ta sha ruwa, na ja ta bayan wata bishiya. Ban san muryata tana iya yin ƙasa haka ba. Na tambaye ta me ta rubuta a takardar.

Ta ce ba ta ƙara suna ba, ba ta rage ba. Layi ɗaya kawai ta matsar da Kotone, daga ƙarƙashina zuwa ƙarƙashin Naoto. Sunan gida ɗaya ne, wa zai ce wani abu? Naoto da matarsa Ayano shekara takwas suna zuwa asibiti ba labari, ni kuma ga ni da 'yar da ta tsaya mini a ƙofar aure. Ta ce ko makaho ya ga yadda abin ya dace.

"Kin koya wa 'yata ta yi ƙarya a kaina."

"Na koya mata ta taimaki uwarta. Ke me kika koya mata, naɗe katifa?"

Na ce zan je in faɗi gaskiya yanzu. Ta riƙe hannun rigata. Ta ce shekararta sittin da huɗu, gwiwarta ta ƙare, ba za ta mutu ta bar ni ina amsa waya a asibitin haƙori har tsufa ba. Ta ce in duba da kyau, gida ne mai shekara ɗari, mutum ne mai hankali, ba ya shan giya har ya faɗi a tasha kamar wancan da na zaɓo da kaina. Ta ce a bari a ɗaura auren tukuna, daga baya komai yana gyaruwa.

"Da kika zaɓa da kanki ai mun ga ƙarshensa. Wannan karon ki rufe baki ki bar manya su yi."

Shimpei yana tsaye taku goma daga inda muke, yana nuna wa Kotone wani jirgin ruwa. Na ciro waya, na rubuta masa.

"Ka sani?"

Na ga ya taɓa aljihu, ya juya mana baya.

"Tun watan jiya. Ina neman hanyar gyarawa."

"Ka ji abin da ta kira ni?"

"Na ji. Yau ɗaya ce kawai, Shiori-san. Ki taimake ni."

Ina so in ce muku na jefar da wayar na ɗauki 'yata. Ban yi ba. Na tsaya ina tuna ɗakin Inna, da yadda nake rufe bakin Kotone idan tana dariya da sassafe don maƙwabta na ƙasa suna buga rufi da sanda. Na tuna yashin bakin tekun nan, na ce a raina yarinya za ta yi gudu a kai har ta gaji. Na tuna hannun mutumin nan yana cire zaren lemo. Na ce wa kaina yau ɗaya ce. Na mayar da wayar jaka, muka ci gaba da hawa.

A sama rumfar furanni ta yi shunayya, suna reto har suna taɓa kan dogayen mutane, ƙudan zuma suna ta kai da komo. Muka shiga hasumiyar fadar. A hawa na biyu akwai kayan yaƙin mutanen da a cikin gilashi, har da wani baƙin sulke mai abin rufe fuska da gashin baki. Kotone ta tsorata, ta damƙe gefen rigata kamar yadda take yi idan ta ga kare. Sai ta tuna. Ta saki a hankali, ta zagaya ta kama hannun Kaka. Na gani, na kawar da kai na karanta bayanin wani takobi har sau uku ban fahimci kalma ɗaya ba.

A hawa na ƙarshe iska tana kaɗawa ta ko'ina. Ga teku, ga tsibirin, ga wani dajin bishiyoyi da ya bi gaɓa har inda ido ya ƙare. Uwargida ba ta dubi ko ɗaya ba. Ta nuna mini wani dogon rufi baƙi a ƙasa, ta ce gidan ke nan. Ta nuna inda kaburburan dangin mijinta suke. Ta ce duk matar da za ta shigo gidan nan ake fara kawo ta, ita ma surukarta nan ta kawo ta, don mace ta ga girman abin da za ta ɗauka tun daga sama. Sannan ta nuna wata taga a kusurwar gidan.

"Ɗakin yaran gida ke nan. A rufe yake tun da Shimpei ya girma. Ba wanda ya taɓa kwana a ciki sai jinin Kusaba."

Kotone ta yi ɗage tana leƙe ta tsakanin ƙarafa. Ta tambaya ko ana ganin teku daga ɗakin, ko za a bar ta ta shiga ta gani. Uwargida ta ce mata baƙi suna da nasu ɓangaren. Shimpei ya yi tari, ya ce lokacin abinci ya kusa.

Da muka fito ta ce a yi hoto a ƙarƙashin rumfar furannin. Ta tsayar da wani mutum mai wucewa ta ba shi wayar Shimpei, ta jera mu da kanta, ita a tsakiya, ɗanta a dama, ni a hagu, Inna a gefena. Kotone ta shigo gabana ta tsaya inda take tsayawa a kowane hoto, bayanta a jikin gwiwoyina. Uwargida ta ce wannan na gida ne, yarinya ta ɗan matsa, za a yi mata nata daga baya. Inna ta ba ta jakarta ta riƙe, ta ce ta tsaya can.

Ta tafi da baya da baya, tana rungume da jakar da ta kusa kai girmanta, tana kallonmu. Mutumin ya ce mu yi murmushi. A daidai nan dunduniyar sabon takalmin ta zame a bakin matakala, ta faɗi a kan gwiwa.

Ba faɗuwa ce mai muni ba, taki biyu ne kawai. Amma dutsen ya yanke ta, jini ya fara bin ƙwaurinta. Takalmi ɗaya ya fice, sai na ga bayan farar safarta ya yi ja ya manne da fata. Ashe tun a hanya takalmin ya ci dunduniyarta, ba ta faɗa ba. Yarinyar da ko sauro ya cije ta sai ta kawo mini in hura.

Ta ɗago, fuskarta ta yamutse, bakinta ya buɗe. Na ji farkon kalmar ya fito, "Ma," sai ta tsaya. Ta dubi Kaka. Ta haɗiye sauran, har na ga maƙogwaronta ya motsa.

"Gwaggo, ba zafi."

Ban san lokacin da na isa wurinta ba. Na durƙusa a kan dutsen da rigata mai kyau, na wanke ciwon da shayin gora, na goge da tawul, na jiƙa safar kafin in cire don kada ta ɗauko fata. Filasta biyu a gwiwa, ɗaya a kowace dunduniya. Aikin da na sani ne. Ita kuma tana ta cije leɓe.

"Kira ni yadda kike kirana," na ce mata.

Ta girgiza kai, ta sake duban Kaka.

"Wasan ya ƙare. Ni na ce ya ƙare."

Sai a lokacin ta fashe da kuka, ta cusa fuska a wuyana tana faɗin sunan a jere, kamar tana biyan duk waɗanda ta riƙe tun safe. Na miƙe da ita a hannu. Mutane sun fara tsayawa, har mai ɗaukar hoton yana nan da waya a hannu bai san wa zai ba ba. Na sunkuya wa Uwargida iyakar yadda mai ɗauke da yaro za ta iya.

"Kotone 'yata ce, ni na haife ta. Takardar da aka kawo muku ba daidai ba ce. Na ji ana faɗa tun a ƙasa na yi shiru, wannan laifina ne."

Na zaci za ta firgita ko ta yi faɗa. Ko gira ba ta ɗaga ba. Ta sa yatsu biyu a cikin ɗamararta ta zaro farar ambulan, na gane rubutun Inna a bayanta.

"Na sani. Ushijima-san ta gaya mini tun kafin takardar ta iso."

Ta ce shekara arba'in tana tarbar baƙi. Mutum yakan zo da mace ya rubuta a littafin masauki cewa matarsa ce, kowa yana gani da idonsa, amma abin da aka rubuta shi ake yi wa hidima, kuma kowa ya kwana lafiya. Ta ce mahaifiyata ta san ya kamata, ta ba ta takardar da za ta iya ajiyewa a gaban 'yan uwan mijinta ba tare da an tambaye ta komai ba. Yarinya ta zauna gidan kawunta, ta riƙa zuwa hutu, a ba ta ɗaki mai kyau, ba mai jin kunya. Ta ce an buɗe mini ƙofa daidai faɗin jikina, ni kuma na zo na tsaya a tsakiyar kasuwa ina shela.

"Ban ƙi ki don kina da 'ya ba. Na ƙi ki don ba ki iya riƙe bakinki na yini ɗaya ba. Wadda ba ta iya wannan ba, ba za ta iya gidana ba."

"Yarinya 'yar shekara biyar ta riƙe nata tun safe, da jini a takalmi. Ita ce ta dace da gidanki, kuma ba zan ba ki ita ba."

Inna ta shiga tsakaninmu tana sunkuyawa har goshinta ya kusa taɓa gwiwa. Tana ba da haƙuri, tana cewa rana ce ta buge ni, rashin tarbiyya ne kuma laifinta ne. Uwargida ba ta dube ta ba. Ta miƙa wa Shimpei ambulan ɗin, ta ce a mayar wa Ushijima-san tare da hotona, a yi mata godiya da wahalar da ta sha. Ba sai an fassara wa kowa ba. Shimpei ya karɓa da hannu biyu. Na jira ya ce wani abu, ko kalma ɗaya. Ya dubi ambulan ɗin kamar an ba shi garwashi ya rasa inda zai ajiye.

Na goya Kotone, na rataya jakata a wuya, na kwashi takalman a hannu ɗaya, na kama matakala. Inna ta kira sunana sau biyu. Ban waiga ba.

Saukowa da yaro a baya ya fi hawa wuya. Gumi ya jiƙa rigar ta manne mini. Mun yi kusan rabi kafin kukanta ya koma ajiyar zuciya. Ta sa bakinta kusa da kunnena ta tambaye ni ko ta faɗi a wasan. Na ce ba ta faɗi ba, wasan ne ba shi da kyau. Can ta ce to ke nan ba za ta kwana a sabon gadon ba? Na tambaye ta wane gado. Ta ce Kaka ta ce idan ta ci wasa, yau a gidan Kawu Naoto za ta kwana, an saya mata gado mai tsani, kuma ni zan riƙa zuwa ina ganinta.

Na tsaya cak, har wani mutum ya kusa bangaje mu. Na lalubo waya da hannun da ke riƙe da takalma. Akwai saƙon Ayano, matar Naoto, tun ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin, lokacin muna cikin hasumiya:

"Shiori-chan, mun gama kwashe kayan Kotone, har da teburin zanen. Inna ta bar mana makulli. Katin asibitinta ne kawai ban gani ba, yana wurinki? Ban san yadda zan gode miki ba. Zan kula da ita kamar raina."

A ƙarshe ta sa hoton zuciya guda uku.

Na karanta sau biyu. Na duba jadawalin jirgi, na gaba sai bayan minti arba'in, ga tafiyar fiye da awa ɗaya, ga bas daga tasha zuwa unguwar su Naoto. Na gyara goyon na ci gaba da sauka, wannan karon da sauri.

A gindin dutsen na tarar da Shimpei. Ta lif ya biyo ya riga mu. Ambulan ɗin tana leƙowa daga aljihun kwat ɗinsa, makullin mota a hannunsa. Ya ce bai san da maganar kwashe kaya yau ba, sai yanzu Inna ta faɗa a sama. Ya ce in bari ya kai mu, ta babbar hanya awa ɗaya ce. Ya ce bai taɓa nufin a raba ni da ita ba, so yake a ɗaura auren sannan ya tsaya a gaban mahaifiyarsa.

"Ɗazu ma ai tana gabanka. Me ka ce?"

Ya jujjuya makullin a hannunsa. Kotone ta leƙo ta kafaɗata ta ɗaga masa hannu, ya kasa haɗa ido da ita.

Na ce masa zan shiga motarsa da sharaɗi ɗaya. Idan mun isa gidan Naoto, shi zai ƙwanƙwasa ƙofa, shi zai gaya musu da bakinsa 'yar waye wannan da kuma inda za ta zauna, sannan ya ɗauko teburin zanen ya sa a motarsa. In ya dawo gida kuma ya maimaita wa Uwargida kalma da kalma. In ba zai iya ba, ya matsa mini, ina da jirgin da zan kama.

Ya buɗe baki, sai wayarsa ta fara ƙara. Ya ciro ta, mu duka muka ga sunan mahaifiyarsa a kan gilashin. Ya dubi wayar, ya ɗaga kai ya dubi saman dutsen, ya dube ni. Ta yi ƙara ta uku, ta yi ta huɗu, babban yatsansa yana tsaye a sama bai taɓa kore ba bai taɓa ja ba.

A ta biyar na zagaye shi na kama hanyar tasha. Na yi taku ashirin ko fiye, ƙarar tana bina, sannan ta yanke. Ban sani ba ko ɗauka ya yi ko kashewa.

"Mama," in ji Kotone a kunnena, "ga shi nan yana gudu."

Ban rage sauri ba.